Makaɗan Turawa da Sungumin Sule

Daga Tsamiyar Kwari, ƙasar Bici.

Zuwa ga ƙanena, autan Inna, Uwaisu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bilki da yara. Allah Ya tsare ku daga sharrin zamani, Ya buɗa maka kasuwa, Ya sa albarka a abin da kake samu. Ku da kuke Fatakwal inda ruwan sama ba ya gajiya, Allah Ya ɗan sam mana daga abin da yake zuba muku a kan kwalta. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Matata Furera tana fama da gwiwarta kamar kullum, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Matar ɗana Sama'ilu ta sauka, an sami mace, an sa mata sunan Inna, muna kiranta Mairo. In ka ga goshinta sai ka rantse Inna ce ta dawo ta duba yadda muka riƙe gida.

Halin gari kuwa ba sai na faɗa maka ba, ka san shekarun da muke ciki. Hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, taki ya zama abin kallo a shago, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Masu noman rani a Watari ma kuka suke, wai man injin ban ruwa ya cinye ribar tumatir. Duk da haka ba mu kwana da yunwa ba, kuma da hannunka a ciki, Allah Ya saka maka da alheri. Na zaɓi in rubuto ne in ba Ɗan Iya direba ya kawo maka in ya ɗauko kaya daga kasuwar Dawanau, domin maganar da ke bakina ta fi ƙarfin waya. Kai kullum kana cikin hayaniyar kasuwa, ni kuma sai na hau tudun bayan masallaci nake jin ka, ina ihu kamar mai kiran shanu. Ka sami wuri ka zauna, maganar yayanka Sule ce.

Ka san tun da ciwon nan ya buge shi bayan kaka, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, muka yi ta zirga-zirgar asibiti har Allah Ya kawo sauƙi. Zuwa tsakiyar rani ya fara takawa da sanda, bakinsa ya daidaita, hannun dama da ƙarfinsa, ƙafar hagu ce kawai yake ja. A lokacin ne ka kira ka ce Yaya Sule ya yi wa gidan nan wahalar da ta isa, a bar shi ya huta, kai za ka aiko da abin ɗaukar 'yan ƙwadago, kuma in hali ya yi a yanke masa kasonsa daga gandu a ba wani ya noma, a riƙa kawo masa abinci har ɗaki. Ni da kaina na ce madalla, na sa maka albarka, kowa a gidan ya yaba. Sai ga Ɗan Iya ya sauke buhun geron da ka aiko a ƙofar gida, an rubuta Sule ɓaro-ɓaro a jikinsa da shuɗin fenti, yadda ake yi wa kayan mutane a Dawanau don kada su ɓata. Muka sa aka kinkima aka kai har ƙofar ɗakinsa, muna murna. Sama'ilu kuma ya ɗauke sungumin da ke jingine a wurin, ya ce zai gyara masa ƙota tun da bana shi zai yi saran shuka.

Uwaisu, garin neman gira muka kusa rasa ido. Daga ranar nan Sule ya daina fitowa zaure cin abinci da mu. Da fari na ɗauka jiki ne. Sai matarsa Hure ta same ni bayan la'asar, tana magana tana share ido da bakin mayafi, ta ce buhun yana nan ko ɗinkinsa ba a farke ba, ya hana ta taɓawa. Ɗan kunun da take dama masa da abin da ta samu a ƙuli-ƙuli shi kaɗai yake kurɓa. Wai ya ce mata tun da aka haife shi bai taɓa ganin hatsi mai suna a gidan nan ba, hatsin gandu na kowa ne, kuma a garin nan ƙofar gwauruwa da makaho ake kai wa buhu a ajiye. Na shiga na yi masa nasiha irin ta malamai, na jawo masa falalar haƙuri da ladan mai jinya. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce Allah Ya saka, ya juya fuska bango. Mutum yana ramewa a gabana, wuyansa ya zama kamar na zakara, ni kuwa ina ta ƙara masa wa'azi. Wallahi tsoro ya kama ni, na ga alamar wanda ciwo ya bari zuciya za ta ƙarasa.

To, nan ne labarin zai ba ka dariya, kuma na yarda ka yi, amma kada ka yaɗa ni a Fatakwal. 'Yata Rahmatu ta dawo hutu daga kwalejin Bici da wata kwamfuta ta aro. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na shigo gida sai na ji wata ƙara daga rumfar tsakar gida, kamar an tara maƙeran kasuwa duka an ce su yi gasa. Na nufi wurin da niyyar faɗa, har na shirya abin da zan ce. Ta miƙe da sauri ta ce, Baba a yi haƙuri, malaminsu na Turanci ne ya ba su su saurara don kunne ya saba, kuma ba wasan kwaikwayo ba ne, tarihin waɗansu shahararrun makaɗan Turawa ne, an zaunar da su suna ba da labarin rayuwarsu da bakinsu. Na ce bari in ga irin abin da ake koya wa 'ya'yan mutane, don in san abin da zan faɗa wa malamin nan. Na tsaya a tsaye ina harara. Ban san lokacin da na jawo turmi na zauna ba.

Su biyar ne, sun taso unguwa ɗaya tun suna yara, 'ya'yan talakawa, suka fara kaɗe-kaɗensu a ɗakin ajiye motar wani maƙwabci. Gashi har kafaɗa, wando ya ɗame ƙafa kamar an zuba su a ciki. Uku suna riƙe da jita, wato garayarsu ta lantarki, ɗaya yana waƙa yana tsalle kamar an watsa masa ruwan zafi, ɗaya kuma yana zaune can baya a tsakiyar ganguna da waɗansu faya-fayan ƙarfe masu kama da murfin tukunya. Waƙar dai ban ji daɗinta ba, kuma ba zan ji ba har in mutu. Amma suka yi suna har duniya ta san su. An nuna taron da ya zo kallonsu, ban taɓa ganin mutane haka ba sai a hoton Arfa, Allah Ya yafe mini wannan kwatance. Rahmatu tana fassara mini, in ta yi jinkiri in ce mata me ya ce, me ya ce.

Abin da ya fara kama ni shi ne yadda mai haɗa fim ɗin yake yi. Sai ya nuna maka saurayi yana girgiza gashi, mata suna sumewa a gabansa, kafin ka ƙifta ido sai ya nuna maka wani tsoho a kujera, kai ya sule, wuya ya yamushe, yana laluben tabarau. Rahmatu ta ce ai shi ne. Na ce la ilaha illallahu. Shekara nawa ina faɗa wa mutane duniya rumfar kara ce, suna gyangyaɗi, ga wani ya faɗe ta ba tare da ya buɗe baki ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce in an tashi daga taro, dubban mutane sun gama kiran sunansa, sai ya koma masauki shi kaɗai, kunne yana ƙugi, babu mai tambayarsa ko ya ci abinci. Wani kuma shaye-shaye ya kashe shi da sauran ƙuruciyarsa, suka rage huɗu. Da aka zo maganarsa, ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya cire tabarau yana gogewa da riga. Na ce ashe mutuwa ko a can haka take yi wa mutane.

Sai aka zo kan mai gangunan. Ashe shi ne ma'auninsu, da bugunsa kowa yake tafiya, in ya yi sauri su yi sauri, in ya sassauta su sassauta. Da girma ya zo, ƙarar da ya sha tun yana yaro ta cinye masa kunne, ya fara rasa inda 'yan'uwansa suke a cikin waƙa, yana bugu a baya. Masu kula da harkar kuɗinsu suka ce abu mai sauƙi ne, a ɗauko saurayi mai kunne, shi kuma dattijo ya zauna gida a riƙa aika masa cikakken rabonsa, ko ƙwandala ba za a rage ba. Kowa ya ce an yi adalci, aka yi haka. Sai aka nuno shi yana ba da labari, yana murza yatsu. Ya ce duk wata in rabon nan ya iso sai ya ji kamar ana yi masa sadakar bakwai alhali yana zaune yana kallo. Ba haka ya faɗa daidai ba, Rahmatu ta faɗa da tata Hausar, ni kuma na ji da tawa. Ya ce ya lulluɓe gangunan da zane, ya daina aske gemu, ya daina ɗaga waya. Ana nan sai kwamfutar ta ɗauke ɗif, wai caji ya ƙare.

Ka ga yayanka Malam Khalilu, mai jan baƙi a zaure, wanda ya shigo da niyyar faɗa, yana tambayar yarinya ina ake cajin abin nan. Furera ta leƙo daga madafa ta ce yau ga abin mamaki, Malam ya kamu. Ban kula ta ba. Ni na sa aka kai shagon mai sola na bakin kasuwa, na kwana da tsohon nan a raina, domin duk lokacin da na tuna fuskarsa, fuskar Sule nake gani. Washegari da hantsi na ce wa Rahmatu ta kunna daga inda muka tsaya.

Mawaƙin nasu, wanda na raina saboda tsalle-tsallensa, shi ne ya je gidan mai ganga ya ga halin da yake ciki. Ya dawo ya tara sauran ya ce shi ba zai ƙara hawa dandamali ba sai da shi. Suka sallami saurayin nan cikin mutunci, suka dawo da tsohonsu. To, ya za a yi da kunne? Sai mawaƙin ya riƙa juya wa jama'a baya, ya tsaya a gaban ganguna yana buga diddige a ƙasa, tsoho yana kallon ƙafarsa yana bi. Waƙoƙin da suka yi masa sauri suka rage musu gudu. An nuna abin, na gani da idona, dubban mutane sun biya don su ga fuskarsa, shi kuwa ya ba su ƙeya yana kallon abokinsa. Kuma ba a ɓoye ba, abin ya jawo musu asara, waɗansu masu sauraro suka yi ƙorafi, taron ya ragu. Da aka tambayi mawaƙin, ya ce tun suna yara a kan bugun mutumin nan suke tafiya, in ya rage sauri to su ne ya kamata su rage. Mai gangan kuma da aka tambaye shi, dariya kawai ya yi, hawaye yana bin gemunsa.

Uwaisu, na tashi daga kan turmin nan jikina a sanyaye. Ni ne nake koya wa ɗalibai cewa liman ya riƙa tuna mai rauni da tsoho da mara lafiya da ke bayansa, kuma ayari da takun mai rauni yake tafiya. Na karantar da wannan sau ba adadi, Sule ma yana zaune a gefe yana ji. Amma sai da Allah Ya aiko mini masu gashin mata daga ƙarshen duniya kafin in ga babin a tsakar gidanmu. Ban ce maka kiɗa ya zama abin kirki ba, kada ka je ka ce Yaya Malam ya yi fatawa. Abin da na sani shi ne hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, inda ya tsince ta nan zai ɗauka, ko a bakin hanya ne. Allah Mai iko, Yakan sa darasi a inda malami ba zai taɓa zuwa nema ba, don ya san ba wayonsa ba ne.

Kai ma ka san abin da sungumi yake a wurin Sule. Tun muna samari marigayi Baba ya gwada mu ɗaya bayan ɗaya a Gonar Gawo. Ni ya ce takuna na mai tunanin karatu ne, nan kusa can nesa. Kai ya ce kana sara kamar ana bin ka bashi. Sule kaɗai ya ce takunsa ɗaya ne daga farkon gona har ƙarshe, ya miƙa masa sungumin. Tun daga ranar, duk ruwan shuka Sule ne a gaba yana sara rami, mu muna biye da ƙoƙon iri, mu jefa mu rufe da diddige. Mai iri ba ya wuce mai sungumi, ko yana so. Tazarar da ke tsakanin geron gidanmu takun Sule ce, shekara da shekaru. Wannan muka ɗauke daga ƙofar ɗakinsa, muka ajiye masa buhu a madadinsa, muna jiran ya gode.

Ranar nan da yamma na karɓi sungumin daga hannun Sama'ilu, na sa shi da wani maƙwabci suka ɗauko buhun, aka farke shi a tsakar gida inda Sule yake iya hangowa, aka juye a cikin hatsin gida, ya gauraye. Sannan na shiga na jingine sungumin inda yake a da. Na ce masa gabas ta fara haɗa hadari, ya shirya. Ya dube ni ya ce, Yaya Malam, in ba'a ce a bari ya mutu tukuna. Na ce ba ba'a ba ce, bana in bai sara ba ni ba zan jefa iri a Gonar Gawo ba, kuma ya san ban iya rantsuwar wasa ba. Na fito na bar shi da sungumin. Bayan 'yan kwanaki Hure ta raɗa wa Furera, Furera kuma ka san ba ta ajiya, wai in rana ta yi sanyi yakan zagaya bayan ɗaki da sungumin, ya sara, ya ja ƙafa, ya sara, har ya haƙe mata wurin shanya duka.

Sama'ilu bai ji daɗi ba, kuma sai na faɗi gaskiya, hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya same ni a zaure ya durƙusa ya ce, Baba a gafarce shi, ruwan 'yan shekarun nan ba shi da tabbas, in ya sauka danshin ba ya daɗewa, wanda bai shuka da wuri ba ya shiga uku. Irin da muke da shi ba zai kai shuka biyu ba, ga jaririya, ga bakuna da yawa. Ya ce a ba Baba Sule ɗan gefe ya yi ta sarawa a hankali, su kuma su gama sauran. Na ce masa na ji, kuma ya yi tunanin magidanci. Amma Sule ba yaro ba ne da za a ba shi ƙaramar fartanya a ce je ka can ka yi wasa, zai gane tun kafin a rufe baki. In za a ba shi, a ba shi gaba, yadda yake a da. Sama'ilu ya tashi ya fita, na ga wuyansa ya yi tauri.

Da ruwan shuka ya sauka, gari na wayewa muka fita. Kafin in fito zaure Sule yana can bakin ƙofa, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawaninsa, ya bar sanda a ɗaki. Muka isa gona ya yi bisimilla ya sara na fari. Uwaisu, ban taɓa sanin Gonar Gawo tana da tsawo haka ba. Ya sara, ya tsaya, ya jawo ƙafar hagu, ya sara. Mu muna biye da iri a hannu, sai ka jefa ka rufe ka tsaya kana jiran rami na gaba. Dama da hagu maƙwabta suna ta wucewa kamar iska, kafin mu kai ƙarshen layi sun yi uku. Na ji zuciyata tana cewa Khalilu, anya ba ka cuci yara ba? Can a tsakiya ƙafar ta harɗe ya faɗi a gwiwa. Sama'ilu ya zabura, Sule ya ɗaga masa hannu ya ce ya tsaya, ya dafa ƙotar sungumin ya miƙe da kansa. Sai na ga Sama'ilu ya ajiye ƙoƙon iri, ya je gindin gawo ya ɗauko ɗaya sungumin da ya ɓoye can tun asuba. Na ce shi ke nan, zai wuce gaba. Sai ya zo ya tsaya a hagun baffansa, kafaɗa da kafaɗa, yana kallon ƙafarsa. In Sule ya sara ya sara, in ya tsaya ya tsaya. Ban faɗa masa ba, kuma shi bai ga fim ɗin ba. Na sunkuyar da kai ina rufe rami, don kada a ga idon malami.

Tsoho Dallatu, maƙwabcinmu na gabas, ya zo wucewa da jakinsa. Na ji tsoron zai tsaya yi wa Sule sannu da jiki. Sai kawai ya ɗaga murya ya ce sannunku da aiki, Sule bana ma kai ne a gaba, ya wuce abinsa. Allah Ya yi wa tsohon nan albarka. Da rana ta take aka kawo fura, muka zauna gindin gawo. Sule ya karɓi ludayi a ƙwarya ɗaya da mu, ya sha, ya ƙara, sannan ya ɓata fuska ya ce wace ce ta dama wannan, ruwa ne ko fura. Rabon da in ji ya kushe abinci tun kafin ciwo. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Yanzu ga inda Sama'ilu ya yi gaskiya, ba zan ɓoye maka ba. Kafin mu kai ɓangaren gabas ƙasa ta bushe, dole muka dakata. Ruwa na biyu ya yi jinkiri, muka shuka wajen a makare. Yau da nake rubutun nan an gama noman firi, geron yamma ya kai gwiwa, na gabas kuwa yana nan ƙanana, in damina ta ɗauke da wuri ba lalle mu ɗaure dami a can ba. A shekara irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, na sani, kuma ni na ɗauki nauyinsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma ba su ce ba ta rage kaya ba. In ka ga tsiron ma sai ka yi dariya, taku ɗaya dogo ɗaya gajere, biyu-biyu kamar tagwaye, har sai da muka rage waɗansu. Duk mai wucewa kasuwa ya san wanda ya sara gonar nan. Sule kuwa kullum yana can, ya zauna a kan kunya yana cire ciyawa da hannu ɗaya yana yi wa 'yan noma faɗa. Wuyansa ya ciko, ya dawo zaure, har limamin unguwa ya ce ya ga yana tsayuwa a sahu ba jingina. Da Rahmatu ta ba shi labarin inda abin ya samo asali, ya riƙe baki ya ce ashe Turawa masu kitso ne suka yi masa ceto a wurin Yaya Malam, to Allah Ya shirye su, Ya sa su yi aski.

Ga roƙona gare ka, ƙanena. Abin da ka aiko na 'yan ƙwadago mun sa a taki, ka yafe mana da ba mu shawarce ka ba. Niyyarka mai kyau ce, Allah Ya gani, kuma ladanka yana nan cif. Amma maganar yanke wa Sule kaso daga gandu, ina roƙonka ka bar ta, kada ka ƙara tayar da ita ko a waya. In Allah Ya hore maka ka aiko da hatsi, ka ce wa Ɗan Iya ya rubuta sunan gida, kada a sa na kowa. In kuma ka kira shi, kada ka fara da yaya jiki, ya gaji da ita. Ka tambaye shi yaya gona, me ya gani game da damina, wane iri za a ajiye na baɗi, yadda kake tambayarsa a da. Kana nesa, ka ga ciwon ƙafa ka aiko da maganinsa. Mu da muke kusa ma ba mu ga ɗaya ciwon ba sai da aka nuna mana.

Ka gaishe mini da Bilki ƙwarai, ka ce Furera tana godiya da atamfa. Ka shafa mini kan Usaini da Zulaihatu, ka ce Baba Malam yana tambayar inda suka kai a allo. Hure tana gaisuwa, Sama'ilu da mai jego suna gaisuwa, Rahmatu ta ce a gaishe da Baffa, kuma wai ita ce shaida in na musa. Dallatu ma ya ce in na rubuta in sa sunansa. Na tambayi Sule ko yana da saƙo, ya ce kada in gaishe ka, gaisuwar takarda ba ta cika ciki. Ya ce in faɗa maka dai baɗi in Allah Ya kai mu ka zo ruwan shuka, ƙoƙon irinka yana nan rataye a zaure. Za ka bi bayansa kamar da, in har ƙafar birni za ta iya cim masa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan Baba da Inna.

Ni ne yayanka mai yi maka addu'a kullum,
Khalilu.